Kabewar da Ta Tsallake Igiya

A bayan makarantar su Auta akwai wani fili. Da can juji ne. Duk wanda ya share gidansa, nan yake kai sharar ya zubar. Ledoji, gwangwanaye, fasassun kwalabe, ba abin da babu.

Wata rana mutanen unguwa suka gaji da wari da ƙudaje. Suka fito da shebur da baro, suka kwashe sharar tas. Suka kewaye filin da waya, suka jawo famfo. Aka ce daga yau wurin ya zama lambun kowa da kowa.

Malamar ajin su Auta aka ɗora wa kula da lambun. Ita ta kafa 'yan turaku, ta ja igiya, ta raba filin yanki-yanki. Yankunan ba su da girma, kuma masu so sun fi su yawa. Wasu gidaje suka samu, wasu aka ce su jira.

Ranar rabo, Malama ta tsaya a bakin famfo ta ce, "Dokarmu ba ta da wuya. Wannan igiyar ita ce iyaka. Abin da ka shuka ya tsaya a naka. Wanda ya ɓata na maƙwabcinsa, ko ya bar nasa ya zama daji, za a karɓa a ba masu jira."

Kowa ya ce ya yarda.

Gidan su Auta sun samu yanki. Murna a wurin Auta ba a magana.

Auta ita ce ƙarama a gidansu. Yarinya ce mai kuzari da son aiki. Matsalarta ɗaya: in ta so abu, yanzu take son sa. Shi ya sa yayanta yake kiran ta Yanzu-yanzu. Abbansu direban babbar mota ne, yakan daɗe a kan hanya. Umma kuwa tana aikin jinya a asibiti.

Da yamma Umma ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta ɗauko alli. Ta zana yankinsu a kan siminti.

"Ku matso," in ji ta. "Kafin a taɓa ƙasa, sai an yi shiri."

Auta ta ce, "Umma, shirin me kuma? Ga iri, ga ƙasa, ga ruwa. Mu je mu zuba mana."

Yaya ya yi dariya. "An fara. Yanzu-yanzu ta iso."

Umma ta ja layi a gefe. "Nan za mu sa tumatir, don yana da tsawo. In muka sa shi a tsakiya, inuwarsa za ta rufe sauran. Nan albasa. Nan alayyafo. Wannan layin na gaba kuma latas ne. Auta, shi ne naki. Ke za ki kula da shi."

Auta ta turo baki. "Latas? Ganye ne fa kawai. Ni kabewa nake so. Na ga wata a kasuwa, ta fi kan Yaya girma."

"Ki bar kaina ya huta," in ji Yaya.

Umma ta ajiye allin. "Kabewa tana da daɗi, amma ba ta san iyaka ba. Yaɗo take yi. Gindi ɗaya zai iya cinye yankin nan duka, ya shiga na mutane. Ba mu da wurinta."

"Ƙwaya biyu kawai, Umma. A can lungu."

"A'a, Auta. Ba bana ba."

Auta ta ce to. Amma a baki ne kawai. Tun kwanakin baya, da Umma ta yanka kabewa a kicin, ta tsinci 'ya'yan ta shanya a bakin taga. Suna nan a cikin kwalin ashana, a aljihun jakar makarantarta.

Ranar shuka, lambu ya cika da mutane. Wannan na sassabe, wancan na zuba taki, yara na ɗibar ruwa.

Yankin da ke manne da na su Auta na wani dattijo ne. Tela ne, shagonsa na bakin titi. Kowa na kiran sa Baba Tela. Idanunsa sun fara rauni, ɗinki ya ragu, sai ya mayar da hankalinsa kan lambu. Da tef ɗin awonsa ya zo, a rataye a wuya. Yana auna ƙasa kamar yana auna yadi. Layukansa suka miƙe sak, kamar ɗinkin keke.

Ya dubi Auta ya ce, "To, ashe ke ce maƙwabciyata. Sannu, maƙwabciya."

"Sannu, Baba. Me kake shukawa?"

"Karas da latas. Likita ya ce in riƙa cin ganye da karas. Na ce masa, to, bari in shuka abina da hannuna."

Auta ta taya Umma dasa tumatir. Ta yayyafa irin latas a layinta. Da ta ga Umma ta tafi wanke hannu, Yaya kuma yana hira da abokinsa, sai ta zaro kwalin ashana. Ta tsuguna a lungu, dab da igiyar da ta raba su da Baba Tela. Ta tura 'ya'yan kabewa cikin ƙasa da ɗan yatsa, ta rufe, ta taka da ƙafa.

Ta ce a ranta, "Wa zai sani? In ta yi girma, kowa zai yaba."

Ba a daɗe ba lambu ya fara kore. Albasa ta fito siririya kamar allura. Latas ya buɗe 'yan ganyensa. A lungu kuma wani tsiro ya ɓullo, mai kauri, da ganye biyu masu faɗi.

Yaya ne ke cire ciyawa. Ya kai hannu zai tumɓuke shi, sai Auta ta riƙe masa hannu.

"Yaya, bar shi."

"Mene ne wannan? Ba mu shuka shi ba."

Auta ta kau da kai. Ta ce, "Ban sani ba. Wataƙila da kansa ya fito. Bar shi mu ga abin da zai zama."

Yaya ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Wannan ce ƙarya ta farko, kuma ta fita da sauƙi.

Ana nan sai aka ce za a yi wa Baba Tela aikin ido. Bayan aikin zai zauna a gidan 'yarsa, sai ya warke. Kafin ya tafi ya zo har gida ya yi sallama da Umma.

Ya ce, "Ba abin da ke damuna sai 'yan shukokina. Kada su mutu da ƙishi."

Umma ta ce, "Haba Baba, muna nan? Ka je ka nemi lafiya. Yaran nan za su ba su ruwa."

A lokacin Yaya na fama da karatun jarrabawa. Umma kuma aiki ya yi mata yawa a asibiti, ba ta dawowa sai a gajiye. Malama ma jarrabawar ta ɗauke mata hankali. Sai aikin lambu ya koma hannun Auta.

"Amana ce fa," in ji Umma. "Ki ba namu, ki ba na Baba Tela. Za ki iya?"

"Zan iya, Umma."

Kuma da gaske tana zuwa. Kullum in an tashi daga makaranta, sai ta cika butar ban-ruwa a famfo. Ta ba nasu, ta ba na Baba Tela. Amma kabewa ce 'yar gata. Ita ke shan ruwa mafi yawa. Ita ake zuba wa taki a gindi.

Kabewa kuwa ta samu abin da take so. Ta miƙe, ta yi ganye kamar faranti. Wata rana Auta ta tarar kan kabewar ya bi ta ƙarƙashin igiya, ya leƙa yankin Baba Tela. Ta ɗaga shi a hankali ta mayar da shi nasu.

"Ki tsaya a nan," ta ce mata.

Washegari kabewa ta koma. Auta ta sake dawo da ita. Ta sake komawa, har da wani sabon reshe. Kamar akuya da ta ga ƙofa a buɗe.

Daga nan sai furanni suka fito, manya, ruwan ɗorawa. Wata safiyar Asabar, Auta ta ɗaga wani ganye, sai ga 'yar kabewa, kamar ƙwan kaza, kore shar. Ta yi tsalle don murna. Amma da ta duba da kyau, sai murnar ta ragu. 'Yar kabewar ba a yankinsu take ba. Tana can bayan igiya, a tsakiyar latas ɗin Baba Tela.

Auta ta tsaya tana tunani. In ta ja reshen, 'yar kabewar za ta iya tsinkewa. In ta gaya wa Umma, za a ce a cire ta duka.

"Bari ta ɗan ƙara girma," ta ce a ranta. "Ai Baba Tela bai dawo ba tukuna."

Da ta koma gida Umma ta tambaye ta, "Yaya lambu?"

"Lafiya lau, Umma."

"Na Baba Tela fa?"

"Shi ma lafiya lau."

Ta faɗa tana kallon ƙasa. Abincin ranar bai yi mata daɗi ba.

Kwanaki suka shuɗe. 'Yar kabewa ta kai girman dunƙulen hannu. Ganyayyaki kuwa suka rufe rabin yankin Baba Tela ruf. Rana ba ta kaiwa ƙasa. In Auta ta leƙa ƙarƙashi, sai ta ga latas ya koma rawaya, ya kwanta. Ganyen karas ya yi siriri, ya yi tsawo, yana neman haske. Sai ta yi sauri ta sake rufe ganyen, kamar in ba ta gani ba, babu shi.

Wata yamma Umma ta shigo da fara'a. "Albishirinku. Baba Tela ya samu sauƙi, aiki ya yi kyau. Gobe zai dawo. Ya ce lambu zai fara zuwa."

Auta ta miƙe zumbur. Ta ce za ta je ban-ruwa, ta fita da gudu.

Ba kowa a lambun. Ta kama reshen kabewa da hannu biyu, ta ja. Ya ƙi tahowa. Ashe duk inda ya taɓa ƙasa ya kafa saiwa. 'Yan zaren jikinsa kuma sun nannaɗe ganyen karas. Ta ƙara ƙarfi, ta fizga.

Reshen ya taho. Amma ba shi kaɗai ya taho ba. Ya taho da ƙasa, da latas, da 'yan karas sirara kamar tsinken ashana. Layukan nan da suka miƙe sak suka hargitse. Wurin ya koma kamar kaji sun yi tono.

Auta ta durƙusa. Ta yi ƙoƙarin mayar da 'yan karas cikin ƙasa. Suka ƙi tsayawa. Ta saki reshen a nan, ta koma gida. Ba ta gaya wa kowa ba.

Washegari da safe mutane suka taru a lambu, don ranar aikin gayya ce. Umma ta zo da Yaya da Auta. Auta na tafe a baya.

Sun tarar Baba Tela ya riga su. Yana sanye da baƙin tabarau, yana tsaye a bakin yankinsa. Malama na gefensa.

Dattijon ya durƙusa a hankali. Ya sa hannu yana laluben ƙasa. Ya ɗauko wani ɗan karas da ya bushe, ya kawo shi kusa da fuskarsa. Ya daɗe yana dubansa.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Ina kwance a can, su nake ta tunani. Na ce in an buɗe min ido, su zan fara gani."

Da ya yi faɗa, da ya fi wa Auta sauƙi.

Malama ta bi reshen da ido har gindinsa. Ta juya wajen Umma. "Daga yankinku ta fito."

Umma ta riƙe baki. "Mu ba mu shuka kabewa ba, Malama. Ni da kaina na hana."

Yaya ya matso. "Malama, laifina ne. Ni ke cire ciyawa. Na gan ta tun tana ƙarama na bar ta. Mun ɗauka da kanta ta fito."

Mutane suka fara ƙus-ƙus. Wata mata ta ce, "Doka dai doka ce. Ƙanwata tana jira tun ranar rabo."

Malama ta numfasa. "Ba na jin daɗin wannan. Amma duk mun yarda da dokar. In na ɗaga wa gida ɗaya, gobe ba wanda zai bi ta."

Auta ta dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai don kunya. Ta dubi tumatirinsu da ya fara ja. Ta dubi Yaya, wanda ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Sai ta matso gaba.

"Ba Yaya ba ne," ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa.

Malama ta ce, "Me kika ce, Auta?"

"Ni ce. Ni na shuka ta a ɓoye. Na ce wa Yaya da kanta ta fito. Na ga ta shiga yankin Baba na bar ta, saboda ta yi 'ya. Umma ta tambaye ni, na ce lafiya lau. Jiya kuma na ja ta, shi ne komai ya tumɓuke." Hawaye suka zubo mata. "Don Allah kada a karɓe wa Umma. Baba, ka yi haƙuri."

Umma ta juyo ta dube ta.

Umma ta ce, "Auta, shukar ba ta ɓata min rai kamar ƙaryar ba. Da kin gaya min tun ranar da ta tsallake igiya, da hannu ɗaya za mu cire ta. Da ba a kai ga haka ba."

"Na sani, Umma. Tsoro na ji."

Malama ta juya wajen dattijon. "Baba, kai aka yi wa ɓarna. Me ka ce?"

Baba Tela ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa.

"Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba," in ji shi. "Amma in an karɓe musu yanki, karas ɗina zai dawo? Ba zai dawo ba. Kuma yarinyar nan ta faɗi gaskiya a gaban jama'a. Manya da yawa ba sa iya wannan." Ya gyara tabaransa. "Likita ya hana ni sunkuyo da yawa. Ina bukatar hannu biyu da ido biyu masu kyau. Wadda ta ɓata, ita za ta gyara."

Malama ta dubi jama'a. "Kun ji mai haƙƙi. Akwai mai magana?"

Matar nan ta ce, "In shi ya yafe, mu wa?"

"To," in ji Malama. "Amma kabewar nan sai ta fita yau. Auta, ke kika shuka ta, ke za ki cire ta."

Yaya ya miƙo mata fartanya. Auta ta tsaya a kan gindin kabewar. Ta tuna duk ruwan da ta ɗebo mata. Ta dubi 'yar kabewar, mai santsi, wadda ba za ta taɓa girma ba. Ta share hawaye da bayan hannu, ta sara. Ta naɗe rassan, ta kai su ramin taki a ƙarshen lambu. Ba wanda ya taya ta, kuma ba ta nemi a taya ta ba.

Da ta dawo, ta ɗauki fartanya za ta fara tono a yankin Baba Tela.

"Tsaya, maƙwabciya," in ji shi. "Ina za ki?"

"Zan sake shukawa, Baba. Yanzu-yanzu."

Yaya ya ƙyalƙyale da dariya. Auta ma, duk da hawayenta, sai da ta murmusa.

Baba Tela ya zauna a kan bokitin da ya kife. "Ni tela ne. Ban taɓa sa almakashi a yadi ban auna ba. In ka yanka ba daidai ba, ba ya komawa. Ƙasa ma haka take. Zo ki riƙe min bakin tef."

Auta ta riƙe. Suka auna tsawo, suka auna faɗi. Suka duba inda rana ke fitowa, da inda inuwar tumatir ke faɗawa da yamma. Suka ware abin da ya tsira daga ɓarnar, suka bar shi a wurinsa.

"Kafin ki sa kowane iri a ƙasa," in ji Baba Tela, "ki tambaye shi: in ka girma, ina za ka kai? Wa ke kusa da kai? In amsar ba ta yi ba, ki nema masa wani wuri."

"Iri yana magana, Baba?"

"Ba ya magana. Shi ya sa ake tambayar waɗanda suka san shi."

Auta ta saci kallon Umma. Umma ta yi kamar ba ta ji ba.

Suka gyara ƙasa, suka zuba taki. Auta ta ja layuka da sanda, tana bin igiya. Na farko ya karkace. Baba Tela ya ce, "Wannan ɗinkin ɗan koyo ne, warware." Ta share ta sake. Na biyu ya miƙe.

Irin karas ƙanana ne ƙwarai. Baba Tela ya nuna mata yadda ake gauraya su da yashi, don kada su taru wuri ɗaya. Ta yayyafa a hankali, ta rufe da ƙasa kaɗan.

Saura latas. Baba Tela ba shi da sauran iri. Auta ta dubi layinta. Latas ɗinta ya yi kyau, ya yi kore shar. Ta je wajen Umma.

"Umma, in ciro daga nawa in dasa masa?"

"Naki ne," in ji Umma. "Ke za ki yanke."

Auta ta ciro rabin layinta, kowanne da ƙasar gindinsa. Ta dasa su a yankin Baba Tela, da tazara tsakaninsu. Ta ba su ruwa. Da farko suka yi laushi, suka kwanta. Ta tsorata.

"Baƙunta ce," in ji Baba Tela. "Ki ba su lokaci, za su saba."

Haka kuwa aka yi. Ba a jima ba suka miƙe.

Karas ne ya gwada haƙurin Auta. Kullum ta zo, ta duba, ba komai. Wata rana ta ce, "Baba, ko in ɗan tona in gani?"

"In kin tona, kin kashe. Ba shi ruwa ki tafi gida."

Ta ba shi ruwa ta tafi gida. Sai wata safiya ta ga layuka sun yi kore-kore, kamar an ja zare. Ta ruga shagon Baba Tela ta gaya masa. Ya ajiye ɗinkin da ke hannunsa, suka taho tare.

Daga nan kullum suna tare a lambu bayan makaranta. Ita ke sunkuyo, shi ke nuni. Da tsiron ya yi cunkoso, ya sa ta rage wasu, don sauran su samu wurin girma. Wata rana ta ga tsutsa a ganyen tumatirinsu. Wannan karon ba ta ɓoye ba. Tana isa gida ta gaya wa Umma, suka je suka tsince su tun ba su yi yawa ba.

Malama takan ratsa ta duba. Wata rana ta tsaya ta ce, "Baba, yankinka ya fi na da kyau."

"Ai na samu ma'aikaciya," in ji shi. "Surutu ne dai ya yi mata yawa."

Ranar cirar karas, Umma da Yaya suka zo. Baba Tela ya cire baƙin tabarau tuni, idonsa ya warke sarai. Ya ce, "Maƙwabciya, ke za ki fara."

Auta ta kama ganyen, ta girgiza a hankali, ta ja. Sai ga karas ja-wur, dogo, mai kauri. Ta ciro na biyu, ta ciro na uku. Na huɗu ya fito da ƙafa biyu.

"Baba, duba wannan. Me ya same shi?"

Baba Tela ya karɓa, ya juya shi. "Wannan ai wando ne. Kin ga, ko a ƙarƙashin ƙasa ɗinkina na tafiya."

Kowa ya fashe da dariya. Yaya ya ce a ba shi ya gwada ko zai shige shi.

Suka cika kwando. Baba Tela ya wanke wasu a famfo, ya raba wa yaran da ke wurin. Ya ɗebi mai yawa ya zuba wa Auta a cikin bokitinta. Umma ma ta tsinko jajayen tumatir da albasa ta ba shi.

A hanyar gida Auta na tafe tana gutsurar karas. Ba ta taɓa cin mai zaƙi kamarsa ba.

Umma ta ce, "To, manomiya, me lambu ya koya miki?"

Auta ta yi ɗan tunani. "In yi shiri kafin in fara abu. In tuna cewa akwai wani a kusa da ni. Kuma in na yi kuskure, in faɗa tun yana ƙarami."

Umma ta dafa kanta. "In kin riƙe wannan, kin girbi abin da ya fi karas."

Yara, ku ma ku riƙe. Ku yi tunani kafin ku aikata, ku kiyaye haƙƙin maƙwabci. In kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, domin laifin da aka ɓoye girma yake yi, wanda aka faɗa kuwa gyaruwa yake yi.